Ƙarfin zuciya zai iya tayar da Baba daga shanyewar ɓarin jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina Unguwar Rogo a Jos. Wata 4 ke nan da mahaifinmu ya faɗi a kasuwar Farin Gada inda yake sayar da kayan gwari, asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Yanzu yana ɗan takawa da sanda, amma hannunsa na dama ba ya aiki, magana kuma ta ƙi fita. Abin mamaki, in zai yi salla yana karanta Fatiha daga farko har ƙarshe, amma ba ya iya kiran sunana. Kawunmu ya ce wannan ya nuna ganin dama ne, sakin jiki ya yi, da ya ƙarfafa zuciyarsa da tuni ya miƙe. Yayana kuma ya kawo wani bidiyo da ke cewa kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa kawai muke amfani da shi, wai tunani kaɗai yana warkar da kowace cuta. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Aikina duba masu ciwon ƙwaƙwalwa da jijiya ne, kuma gardamar da ta shigo gidanku tana shiga kusan kowane gida da aka kwantar da mai irin wannan larura. Kawu da yayanki duk alheri suke nufi, na yarda. Sai dai maganar kawu tana iya cutar da Baba, ta yayanki kuma tana iya sa ku saki abin da ke aiki ku kama wanda ba ya yi. Tunanin ɗan Adam yana da ƙarfi a kan jikinsa, ƙarfin da har an auna shi, amma yana da hanyar da yake bi, yana kuma da inda yake tsayawa.

Bari in fara da Fatiha, tunda da ita aka kafa hujja a kan Baba. Ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, kuma jijiyoyin motsi da ke saukowa daga cikinta suna gittawa a ƙasan ƙeya, don haka ɓarin hagu ne ke tafiyar da hannu da ƙafar dama. A wajen mafi yawan mutane, wuraren da ke haɗa magana su ma a ɓarin hagun suke. Shi ya sa hannun dama da baki sukan tafi tare, kamar yadda ya faru da Baba. A 1861 wani likita a Paris mai suna Paul Broca ya duba wani majinyaci, Leborgne, wanda ya yi shekara kusan 20 ba abin da yake iya furtawa sai gaɓa ɗaya, "tan", da wata rantsuwa da ke kufce masa in ransa ya ɓaci, alhali yana gane abin da ake faɗa masa. Da mutumin ya rasu, Broca ya duba ƙwaƙwalwarsa ya tarar da wani wuri ya lalace a gaba-gaban ɓarin hagu. Har gobe da sunan Broca ake kiran wurin.

To me ya sa Fatiha ke fita, sunanki ya maƙale? Kiran suna aiki ne da ake yinsa sabo kowane lokaci: ya gan ki, ya lalubo sunan a cikin sunaye, ya jera sautukansa, ya tura wa harshe da leɓe. Wannan shi ne aikin wurin da jini ya yanke wa. Fatiha kuwa, a farillai kaɗai sau 17 ake karanta ta a yini, kuma Baba yana yi tun yana yaro. Abin da aka maimaita haka, da ƙira'arsa da karinsa, kowace kalma tana janyo ta gabanta, ba ya buƙatar a sake haɗa shi, kuma ɓarin dama da wasu sassa na can cikin ƙwaƙwalwa suna da hannu wajen riƙe shi. Saboda haka masu wannan larura sukan ƙirga ɗaya zuwa goma, su jera ranakun mako, su amsa "lafiya lau", su kuma kasa cewa "ba ni ruwa". A nan Jos na ga dattawa Kirista da ke rera waƙar majami'a baiti bayan baiti, amma sunan matar da suka yi shekara da shekaru tare ya gagare su.

Ki isar wa kawu wannan cikin ladabi: Baba ya san ke ce, kuma yana son ya kira ki fiye da yadda kike son ki ji. Rashin magana ba gushewar hankali ba ne. Kada a riƙa tattauna shi a gabansa kamar ba ya ɗakin, kada a ɗaga masa murya kamar kurma, kada kuma a mai da shi ɗan makaranta ana cewa "wace ce wannan? faɗi mana." A yi masa gajerun jimloli, mutum ɗaya a lokaci guda, a kashe rediyo, a ba shi lokaci ya amsa ko da kai ko da hannu. Ƙofar da Fatiha ke fita ta cikinta ma ana amfani da ita a magani. A 1973 wasu likitoci a Boston suka fito da hanyar koyar da magana ta hanyar rerawa: a ɗauki jimla gajera kamar "ina son ruwa", a rera ta da kari a hankali, ana buga hannun hagu a kan kowace gaɓa, mai jinya da majinyaci tare, sannan a riƙa janye muryar mai jinya. Ku gwada. Ku kuma riƙa fara masa magana ya ƙarasa: ki ce "ina kwa…" ki yi shiru ki jira.

Akwai darasi a nan game da yanayin hankali kansa. Muna jin sa abu guda ne, amma ciwo yana nuna mana cewa ayyuka ne masu yawa da ke tafiya tare, ɗaya na iya tsayawa saura su ci gaba. A 1953 aka yi wa wani saurayi a Amurka, Henry Molaison, tiyata don farfaɗiyar da ta hana shi sakat, aka cire masa wani sashe da ake kira hipokampas a ɓari biyun. Farfaɗiyar ta ragu, amma daga ranar bai ƙara riƙe sabon abu ba. In ka fita ka dawo bayan ɗan lokaci sai ka sake gabatar masa da kanka. Wata mai bincike, Brenda Milner, ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi, aiki mai wuya ga kowa. Kullum hannunsa na ƙara ƙwarewa, kullum kuma yana cewa bai taɓa yin wannan aikin ba. Hannu yana da nasa koyon, ba sai ya bi ta tunawa ko ta magana ba. Ko Baba bai iya gaya muku abin da ya yi jiya a ɗakin gashin ƙashi ba, aikin yana zama.

Zancen kashi 10 kuwa ba shi da tushe. Ƙwaƙwalwar babba kilo 1.3 zuwa 1.4 ce, wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa in mutum yana hutawa. Ƙwayoyin jijiyarta kusan biliyan 86 ne, bisa ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel 'yar ƙasar Brazil da abokan aikinta suka buga a 2009. Na'urorin ɗaukar hoto suna nuna aiki a ko'ina cikinta, har cikin barci. Babbar hujja ma tana ɗakin Baba: wurin da bai fi ƙwayar wake girma ba, in ya mutu a daidai inda jijiyoyin motsi suka cunkushe, yana iya ɗauke rabin jiki. Da a ce kashi 90 ajiya ce, da mafi yawan waɗanda jini ya toshe wa a ka sun tashi ba su ma san an yi ba. Abin da ke damuna da irin wannan bidiyo shi ne yana sa mutane su ɗauka akwai wata taska a kulle da yarda kawai za ta buɗe, alhali ƙarfin gaskiyar ya fi haka jinkiri, ya kuma fi haka neman gumi.

Ƙarfin shi ne ƙwaƙwalwa tana sauya kanta gwargwadon aikin da ake sa ta. Direban tasi a Landan ba ya samun lasisi sai ya haddace tituna kusan 25,000, karatun da kan ci shekara 3 zuwa 4. A 2000 Eleanor Maguire ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar irin waɗannan direbobi ta ga ɓangaren baya na hipokampas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa a kan tuƙi nasa ya fi. Aka ce ai wataƙila da ma haka aka haife su. Sai ita da abokiyar aikinta suka bi masu koyo tun daga farko har ƙarshe, suka buga sakamakon a 2011: waɗanda suka ci jarrabawar wurin ya ƙaru a kansu, waɗanda ba su kai ba bai canza ba. Kuma duka manya ne, ba yara ba.

Mu ba sai mun je Landan ba. Ki dubi gwani a tsangaya, mutumin da ke ɗauke da izu 60 a ka, ayoyi 6,236, ya zauna da tawada da alƙalami ya rubuta su ba tare da ya duba ba, har ya gaya maka sau nawa kalma kaza ta zo da kuma inda ta zo. Ki tambaye shi yadda aka yi. A rubuta a allo, a biya, a yi ta maimaitawa har ta zauna, a wanke, a ɗora sabo, a tashi tun kafin asuba a yi tilawa, a koma baya a yi tishi don kada na da ya zube. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna a kan kansa cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, kuma maimaici da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka dunƙule a zama ɗaya. Alarammomi sun daɗe suna aiki da wannan kafin a haife shi. Ba gwanin da ya zama gwani don ya zauna yana ƙudurtawa a ransa cewa shi gwani ne. Niyyarsa ita ce ta tashe shi cikin sanyi, amma maimaicin ne ya shigar da karatun.

Haka lamarin Baba yake. Ƙwayoyin da suka mutu ba za su dawo ba, gara in faɗa miki gaskiya. Amma maƙwabtansu suna iya karɓar wani ɓangare na aikin. Kamar in gada ta karye ne mutane suka fara ratsawa ta cikin ciyawa: ranar farko ba alama, bayan wata guda turba ta fito, in aka daina bi kuma ciyawa ta sake rufewa. Sauƙi ya fi sauri a wata 3 na farko, yana ci gaba sosai har wata 6, bayan nan yana tafiya a hankali, wani lokaci har shekaru, muddin ana aiki. A wata 4 ba ku makara ba, amma ba lokacin zama ba ne. Hannu ya fi ƙafa jinkirin dawowa, kuma akwai waɗanda nasu ba ya komawa yadda yake. In Baba yana iya ɗaga tsintsiyar hannunsa ko buɗe yatsu ko da kaɗan ne, alama ce mai kyau, ku nuna wa masu gashin ƙashi.

A nan ne ƙaunarmu kan yi ɓarna ba mu sani ba. Mu ba shi abinci a baki, mu sa masa hula, mu riƙe masa buta, mu miƙo masa komai ta hagu. Hannun dama ya gwada a makon farko ya kasa, sai ƙwaƙwalwa ta koyi cewa ba shi da amfani, ta daina kiransa ko bayan ɗan ƙarfi ya dawo. Wani masani a Amurka, Edward Taub, shi ya fito da wannan fili, ya kuma kawo maganinsa: a tauye hannu mai lafiya, a tilasta wa mai rauni aiki. A 2006 aka buga gwajin da aka yi a kan mutum 222 da suke wata 3 zuwa 9 da faɗuwa. Waɗanda aka sa wa safar hannu mai kauri a hannun lafiya mafi yawan yini, suna atisaye na sa'o'i a kullum har mako 2, hannunsu ya fi na sauran aiki, kuma bambancin yana nan bayan shekara. Ba ina cewa ku ɗaure wa Baba hannu a gida ba, domin da shi yake riƙe sanda, kuma hanyar ba ta dace da wanda yatsunsa ba sa motsi ko kaɗan ba. Wannan hukuncin masu gashin ƙashi ne. Abin da ke hannunku shi ne ku ba hannun dama aiki na gaske, irin wanda ya saba. Ku kawo masa kwanon dankalin Turawa ya ware manya da ƙanana, ya ja carbi da dama, ya shafe tebur da tsumma, ya ƙirga canji. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, kowace rana. Aikin da mutum ya san ma'anarsa ya fi matsa ƙwallon roba shiga jiki.

Abu biyu a gefe, tunda muna kan hannu. Kada a ɗaga Baba ta hanyar jan hannun da ya shanye, kafaɗar tana iya gocewa ta zame masa ciwo na watanni. Sannan ga sanyin Jos: ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi yadda ya kamata, don haka kaskon garwashi kusa da ƙafa ko gashi da ruwa mai tafasa yana ƙona mutum bai sani ba. A gwada ruwan da hannun mai jinya tukuna.

Yanzu ga inda yayanki yake da ɗan rabon gaskiya. A 1992 wasu masu bincike biyu, Yue da Cole, suka raba mutane: wasu suna atisayen ƙaramin yatsa, wasu suna zaune suna sawwara a ransu cewa suna yi ba tare da sun motsa ba. Bayan mako 4, ƙarfin yatsan masu atisaye ya ƙaru da kashi 30 cikin 100, na masu sawwarawa da kashi 22. Saƙon da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ne ya ƙara kyau. Wannan abin mamaki ne, kuma gaskiya ne. Amma ki lura da abin da suka sawwara: motsi guda takamaimai, a lokaci ƙayyadadde, kowace rana. Wannan ma maimaici ne. A wajen masu shanyewar jiki ana haɗa shi da atisaye, ba ya maye gurbinsa. Ɗan'uwansa shi ne aikin madubi, wanda V. S. Ramachandran ya fara amfani da shi a shekarun 1990 ga waɗanda aka yanke wa hannu amma suke jin ciwo a hannun da babu. Ana tsayar da madubi a gaban ƙirji, a ɓoye hannu mai rauni a bayansa, a motsa mai lafiya ana kallon hotonsa, ido ya gaya wa ƙwaƙwalwa cewa na daman ne ke motsi. Ba ya cin kuɗi, kuma yana taimaka wa wasu.

Sa rai ma yana aiki a jiki. A 1978 a San Francisco, Levine da Gordon da Fields suka yi bincike a kan waɗanda aka cire wa haƙori. Wasu an ba su abin da ba magani a cikinsa suna zaton maganin ciwo ne, ciwonsu ya ragu. Da aka ba su nalokson, maganin da ke toshe aikin mofin (wani maganin kashe ciwo mai ƙarfi), sauƙin ya gushe. Ashe sa ran ne ya sa ƙwaƙwalwa ta saki nata sinadarin kashe ciwo. To amma ki ji iyakarsa. A 2011 masu bincike a Harvard suka gwada masu asma da abin shaƙa na gaske da kuma wanda ba magani a ciki. Da aka tambaye su, kusan sauƙi ɗaya suka ce sun ji: wajen kashi 50 da na gaske, 45 da na fanko. Da aka auna iskar da huhunsu ke fitarwa, na gaske ya ƙara kashi 20, na fanko wajen 7, daidai da waɗanda ba a ba komai ba. Mutum ya ji daɗi, hanyar iskarsa tana nan a matse. Jin sauƙi daban, warkewa daban, kuma wannan ne ya sa kowane mai magani a bakin titi yake da shaidu masu rantsuwa da gaskiyarsu. Ba ƙarya suke yi ba, sun ji sauƙin. Hawan jini kuwa da ma ba a jin sa, balle a ji ya sauka.

Ba ni hana kowa addu'a ko tofi, ni ma ina yi wa marasa lafiyata addu'a, kuma natsuwar da mutum ke samu in ya miƙa lamarinsa ga Allah abu ne da nake gani a fuskokinsu. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani. A haɗa su. Duk wanda ya ce a ajiye ƙwayar hawan jini don a gwada ƙarfin imani ko ƙarfin tunani, yana jefa Baba cikin haɗarin faɗuwa ta biyu.

Ƙarfin nan yana yanka ta ɗaya gefen ma. A 2020 aka buga wani gwaji daga Landan a kan mutum 60 da suka daina shan maganin rage kitsen jini saboda suna cewa yana sa musu ciwon jiki. Kowa aka ba shi kwalabe 12, ɗaya a wata: 4 da maganin, 4 da ƙwaya fanko, 4 babu komai. Kashi 90 cikin 100 na damuwar da suka ji da maganin sun ji ta da ƙwaya fanko. Da aka nuna musu sakamakonsu, rabinsu suka koma shan maganin. Mai yiwuwa ne an rubuta wa Baba irinsa, don haka in ya yi kuka da shi a koma wa likita, kada a ajiye a gida. Sannan ki tsare ƙofar ɗakinsa daga wasu masu dubiya. Wanda zai zauna ya ce "wane ma haka ya yi, bai ga damina ba", maganarsa tana shiga kunnen da ke ji ko da bakin ba ya iya mayarwa.

Maganar kawu ita ce ta fi tsaya mini a rai. A 2007 James Coyne da abokan aikinsa suka duba masu ciwon daji na kai da wuya su sama da 1,000, suka ga yanayin zuciyar mutum, mai fara'a ne ko mai damuwa, bai nuna wanda zai fi daɗewa a raye ba. Ƙarfin hali yana da amfani domin shi ke sa mutum ya tashi ya yi atisaye, ya ci abinci, ya sha magani a kan lokaci. Amma a ce wa mara lafiya da ya so da ya warke, an ɗora masa laifi a kan ciwo, shi kuma ba shi da bakin kare kansa.

In kuwa da gaske kuna ganin Baba ya saki jiki, to wannan abin kai wa likita ne. Wajen mutum 1 cikin 3 da suka samu shanyewar ɓarin jiki ciwon damuwa yana kama su, wani ɓangare saboda abin da suka rasa, wani ɓangare saboda raunin da ke cikin ƙwaƙwalwar kanta. Tunda ba zai iya faɗa ba, ku lura: juya fuska ga bango, ƙin abinci, ƙin atisayen da da yake yi, farkawa tsakar dare barci ya ƙi dawowa, ƙin ganin mutane. Yana da magani, kuma in aka magance shi atisaye yakan dawo. Daban yake da kuka ko dariya da ke ɓarkewa ba dalili ta wuce cikin minti kaɗan. Wannan ma daga raunin ne, ba shafar aljanu ba, shi ma ana ba da magani. Kuma ba raunin imani ba ne. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a 934, ya raba baƙin ciki gida biyu a rubuce-rubucensa kan lafiyar jiki da ta rai: wanda sanadinsa sananne ne, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauka wa mutum ba dalili, wanda ya ce tushensa a jiki yake kuma yana buƙatar maganin jiki. Fiye da shekara 1,000 ke nan.

Ki kuma tuna wane ne Baba. Mutum ne da ya saba tun asuba yana cikin hayaniyar Farin Gada, ana sauke kwandunan tumatir da buhunan kabeji, yana ciniki da mutum ɗari kafin azahar. Yau yana ɗaki ɗaya yana kallon rufi. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane muhimmancin wannan tun 1954 a Aro kusa da Abeokuta, inda ya riƙa saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin jama'a. Ku fito da Baba ƙofar gida da hantsi. Ku kai shi masallacin unguwa ko a kan kujera zai yi salla. In likitansa ya yarda, ku kai shi rumfarsa ya zauna sa'a guda, yaransa su nuna masa kaya su tambaye shi ko a sayar a haka, ya amsa da kai. A ci gaba da shawartarsa a kan al'amuran gida, shi ne maigida har yanzu. Ke ma kada jinyar ta zama taki ke kaɗai. Yayanki da ke da ƙwazon neman bidiyo, a ba shi atisayen yamma. Kawu ya ɗauki kai shi asibiti ranar gashi.

Saura abin da ya kawo ciwon. Babban binciken da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan yake cikin jagororinsa, aka buga a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin abubuwan da ke jawo shanyewar jiki a yankinmu. Ku sayi na'urar awon jini ta gida, ku riƙa aunawa kuna rubutawa a littafi kuna kai wa likita. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miyarsa, a duba sukarinsa, kada magani ya yanke ko na kwana ɗaya ne. Ku 'ya'yansa ma ku auna naku. In kuka ga baki ya sake karkacewa, ko wani hannu ko ƙafa ya saki farat ɗaya, ko Fatihar da yake karantawa ta rikice, ko ya kasa tsayuwa, ku duba agogo ku riƙe lokacin, ku wuce da shi babban asibiti kai tsaye, kamar asibitin koyarwa da ke Lamingo, ko da alamar ta wuce a hanya. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko asfirin kafin a duba shi, domin haɗiya tana iya lalacewa abin ya faɗa huhu, kuma sai an ɗauki hoton kai ake sanin ko jijiya toshewa ta yi ko fashewa, maganin ɗaya kuwa yana iya ƙara wa ɗaya muni.